Ruwa Ba Ya Ƙirga Kawuna: Abin Da Allon Tuƙi Zai Koya Wa Malamai Da Iyaye

Duk abin da ɗan Adam yake hawa a kan ruwa, tun daga goran masunci har zuwa jirgin dakon kaya na teku, yana da iyakar nauyin da zai iya ɗauka, kuma ana iya gano wannan iyaka da lissafin da yaron ajin CM2 ya iya. Maganar da nake so in yi da 'yan'uwana malamai da iyayen yara ke nan. Mu malamai muna koyar da lita da kilo a kan allo, amma ba ma kai darasin bakin tabki. Iyaye kuma suna barin yara su hau abin da babu wanda ya taɓa tambayar kilo nawa yake ɗauka. Daga Dakoro nake wannan rubutu, garin da ba shi da kogi, kuma na san wani zai ce me ya haɗa mutumin tudu da zancen jirgi. Zan zo kan wannan. Amma bari in fara da wani abin wasa na ƙasashen waje, domin a jikinsa ne darasin ya fi fitowa fili.

Allon da ake tuƙawa a tsaye

Waɗanda 'ya'yansu ke riƙe da babbar waya wataƙila sun taɓa ganin bidiyon mutum tsaye cak a kan wani faffaɗan abu mai siffar kifi, yana tura ruwa da dogon filafili, wato sandar tuƙi mai faɗin baki. Ni allon tuƙi nake ce masa. Wasan ya samo siffarsa ta yanzu a tsibirin Hawai na Amurka, inda masu koya wa baƙi hawan igiyar ruwa a gaɓar Waikiki suke tsayawa a kan allunansu don su hango ɗalibansu. A farkon shekarun 2000 'yan wasa irin su Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da shi, ya bazu duniya. Akwai allon da ake yi da abu mai tauri, akwai kuma wanda ake hura wa iska da famfo, a naɗe shi a jaka idan an gama.

Ba ina tallar wasan ba ne. A Dakoro babu mai sayar da shi, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin albashin malami irina. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ake zaɓensa. Mai sayarwa na kirki, kafin ya yi maganar launi ko farashi, tambayarsa ta farko ita ce: kilo nawa kake? A takardar kowane allo kuma an rubuta tsawonsa, faɗinsa, kaurinsa, girmansa a lita, da nauyin da kamfanin ya yarda a ɗora masa. Mutum mai kilo 60 da mai kilo 110 ba allo ɗaya za a ba su ba, ko da tare suka shigo shagon.

Dalilin yana cikin darasin da muke yi kowace shekara: lita ɗaya ta ruwan daɗi nauyinta kilo ɗaya ne. Duk abin da aka ɗora a kan ruwa sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa kafin ya tsaya. Wannan ita ce ƙa'idar Arshimed, masanin da ya rayu a tsibirin Sisili ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda yaranmu suke haddacewa a kwaleji da Faransanci su manta da ita bayan jarrabawa. Ma'anarta a sauƙaƙe: abu mai girman lita 300 zai shige ƙarƙashin ruwa gaba ɗaya idan nauyinsa da na kayan da ke kansa suka kai kilo 300. Ruwa ba ruwansa da ko kayan mutum ne, ko hatsi, ko yara.

Allon da aka fi sayarwa tsawonsa kamar mita 3 da santimita 20 ne, faɗinsa santimita 81, kaurinsa santimita 15, girmansa kuwa wajen lita 300. To amma kamfanoni ba sa rubuta kilo 300 a jikinsa. Yawanci abin da suke rubutawa bai wuce rabin haka ba. Masu koyar da wasan ma shawarar da suka saba bai wa sabon shiga ita ce ya nemi allon da litarsa ta ninka kilonsa aƙalla sau biyu, in da hali fiye da haka. Me ya sa ake barin wannan rara mai yawa? Saboda allon da ya nutse har ruwa ya taɓa leɓensa bai nutse ba tukuna, amma ya riga ya zama banza: ba ya tafiya, ba ya tsayawa daidai, ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta haye shi. Rarar nan ita ce tsakanin mai tuƙi da faɗawa ruwa.

Idan mai hawan mai jiki ne

Mu ɗauki misalin magidanci mai kilo 110. Abu huɗu zai duba. Na farko lita: lissafin ninki biyu ya ba shi 220, amma tunda sabo ne gara ya nemi 330 zuwa 350. Na biyu faɗi, domin faɗi shi ne yake hana tangal-tangal. Maimakon santimita 81 sai ya nemi 86 ko fiye, musamman idan dogo ne, saboda nauyin dogon mutum yana can sama kuma ya fi saurin karkata. Na uku tsawo: mita 3 da rabi zai fi raba nauyinsa a kan ruwa. Na huɗu kauri, kuma a nan aka fi yaudarar mai saye. Allon iska mai kaurin santimita 10 ko 12 ya fi araha, amma a ƙarƙashin mai nauyi sai ya lanƙwashe a tsakiya, kai da wutsiya su ɗaga, ruwa ya kwanta a ƙafafunsa. Mai santimita 15 ya fi tauri, kuma sai an hura shi har ma'aunin famfon ya kai inda kamfani ya ce, wanda yawanci kusan rabin iskar tayar ƙaramar mota ne. Wanda ya gaji da famfo ya tsaya a hanya ya mai da allon kirki ya zama katifa.

Sannan ba nauyin jikinsa kaɗai zai lissafa ba. Jakar da ya ɗauko, goran ruwan sha, tufafin da suka jiƙe, yaron da ya ce sai ya bi shi, duk suna cikin lissafi. Kuma masu ƙwarewa suna cewa kada mutum ya matsa wa lambar da aka rubuta har ƙarshenta, domin kamfani mai son ciniki yana iya rubuta lambar da allon zai ɗauka a ruwa kwance ranar da babu iska. Mai hankali yana barin wani kaso a ajiye.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu a matsayin masu tarbiyya. Idan allo ya nutse da mai ƙiba, dariya ake yi masa, shi ma ya koma gefe da tunanin cewa jikinsa ne matsala. Alhali laifin na wanda ya ba shi allon da ba nasa ba ne. Mun san wannan a filin makaranta: yaro mai jiki ana laƙaba masa suna, ya daina shiga wasa, ya fara ɓoye nauyinsa. A kan ruwa kuwa ɓoye nauyi haɗari ne. A al'adarmu tambayar babba kilo nawa yake kamar rashin kunya ce, babu matuƙin da zai dubi Alhaji ko Hajiya ya yi wannan tambaya. Ina ganin ya kamata mu koya wa yara cewa nauyi lamba ce kamar lambar takalmi. Ba a jin kunyar faɗinta, ba a kuma yi wa kowa ba'a da ita, ana faɗinta ne don a ba mutum abin da ya yi masa daidai.

Namu na gida

Kada wani ya ɗauka wannan ilmi na Turawa ne. A Argungu ta jihar Kebbi, inda ake bikin kamun kifi a kogin Matan Fada tun 1934, bikin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, masunci yana shiga ruwa da ƙaton gora. Yana kifa cikinsa a kai ya yi iyo, yana kuma zuba kifin da ya kama a ciki. Ku yi lissafin da ɗalibanku: gora mai zagaye wanda faɗinsa ya kai santimita 50 yana cin kusan lita 65, mai santimita 60 kuwa kusan lita 113. Ƙarin santimita 10 kacal ya kusa ninka abin da zai ɗauka. Shi ya sa goran saurayi ɗan siriri ba zai wadaci ƙaton magidanci ba, kuma duk kifin da aka jefa ciki yana rage abin da ya saura wa mai shi. A tafkin Cadi kuma Buduma sun daɗe suna ɗaure ciyawar ruwa dami-dami su yi jirgi su tuƙa shi, girman damin gwargwadon kayan da za a ɗora. Masu sana'ar ruwa sun san ma'auninsu da ido da hannu. Su ne ma suka bar mana maganar cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Matsalar tana wajen waɗanda ba su gaji ruwa ba, kuma mu ne su. Da damina, idan tabkuna da kududdufan da aka haƙa don yin tubali suka cika, yaranmu suna shiga da jarkar lita 25, ko robar cikin tayar mota, wani lokaci su ɗaure tano biyu su ɗora katako. Akwai bambancin da ya kamata kowane yaro ya sani. Idan jikinka yana cikin ruwa kana rungume da jarka, ruwan ne yake ɗauke da mafi yawan nauyinka, jarkar kanka kawai take tallafewa, don haka lita 25 ta isa matuƙar murfin a rufe yake kuma hannu bai saki ba. Amma idan ka hau kanta, duk kilonka ya koma wuyanta. Yaro mai kilo 35 a kan jarka mai lita 25, lissafin ya riga ya faɗi sakamako. Haka tano mai lita 200: yara shida suka hau, ɗaya ya miƙe tsaye, sai ya juya da su.

Yara ne, ba su da nauyi

Ranar 30 ga Nuwamba 2021 wani kwale-kwale ya kife a ruwan Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai ta jihar Kano. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne daga ƙauyen Badau, za su taron Mauludi. An tsamo gawa 29, galibi ƙananan yara. Hukumar kashe gobara ta jihar ta ce jirgin bai kamata ya ɗauki fiye da manya 12 ba. A matsayina na malami wannan labari ya fi kowanne tsaya mini a rai, domin tafiyar makaranta ce, irin wadda kowannenmu zai iya shiryawa.

Mu ƙaddara lissafin. Manya 12, kowanne a ba shi kilo 70, ya kama kilo 840. Yara 40, kowanne kilo 30, ya kama kilo 1,200. Wato jirgin da ya cika da ƙananan yara yana iya ɗaukar kusan rabin iyakarsa a kan iyakar, alhali mai kallo daga gaɓa yana cewa ai yara ne, ba su da nauyi. Ƙari a kan haka yara ba sa zama wuri ɗaya. Ɗaya ya nuna wani abu a ruwa, goma su karkata gefe guda. Wannan lissafin ninkawa ne na ajin CE2, bai buƙaci kwamfuta ba.

Irin wannan ba sau ɗaya ba ne. A watan Satumba 2017 jirgin da ya taso daga Gaya a jihar Dosso ɗauke da 'yan kasuwa kimanin 150 da kayansu ya kife a kusa da Lolo ta jihar Kebbi, aƙalla mutum 33 suka rasu, 'yan ƙasarmu. A watan Mayu 2021 wani ya tarwatse a kan hanyarsa ta zuwa Wara, ita ma a Kebbi, da mutum fiye da 150 a ciki, kuma hukumomin yankin sun ce har da buhunan ƙasa daga wurin haƙar zinariya. A duk waɗannan bayanin jami'ai ɗaya ne: lodi ya wuce ƙima. Tushen abin a ganina shi ne yadda ake biyan kuɗi. Matuƙi kawuna yake ƙirgawa, domin da kai ake biya. Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne, ya fi yawancin fasinjoji nauyi, babur ma ya haura kilo 100, amma a lissafin kawuna ba sa fitowa. Kowane ƙarin mutum riba ce ga aljihu, kuma babu wata alama a jikin jirgin da za ta ce ya isa.

Wasu sun taɓa shiga wannan hali suka sami mafita. A Ingila ta ƙarni na 19 masu jiragen kasuwanci suna cika su fiye da ƙima, matuƙa suna ta mutuwa. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya dage har aka yi dokar 1876 da ta tilasta zana layi a jikin jirgi. Idan ruwa ya rufe layin, lodi ya wuce. Da farko masu jiragen ne suke zaɓen inda za su zana shi, sai a 1890 hukuma ta karɓi wannan iko. Har gobe layin yana jikin jiragen teku. Amma doka ba ta aiki da kanta: jirgin Joola na ƙasar Senegal an yi shi don mutum ƙasa da 600, ya kife ranar 26 ga Satumba 2002 ya hallaka mutum 1,863. Lambar tana rubuce, babu wanda ya tsaya a kanta.

Abin da za a ce mini

Za a ce Dakoro ba ta da kogi. Haka ne, amma tana da damina, kuma rashin sabo da ruwa shi ne ya sa ruwan wata uku yake fin ƙarfinmu. Daminar 2024 ta ci rayuka fiye da 300 a Nijar, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi asara, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Wasu gini ne ya faɗa musu, wasu ruwa ne ya tafi da su. Sannan yaran da muke koyarwa ba a Dakoro za su dawwama ba. Wani zai je Madarunfa inda ake tuƙa kwale-kwale a tafki, wani Gaya ko Yamai a bakin kogin Kwara, wani Diffa, wani cin rani Najeriya, wani ma ya bi ta Agadas har ya tsinci kansa a gaɓar Libiya gaban jirgin roba da aka hura wa iska aka cika da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce a kan gaba.

Za a ce talauci ne: jirgi ɗaya ne a mashigar, kasuwa sau ɗaya take ci a mako, wanda bai shiga ba ya yi asarar ranar. Wannan gaskiya ce, kuma ban raina ta ba. Mai sayen allon wasa yana da zaɓi goma a gabansa, matar da ta ɗauko kayan miya za ta kasuwa ba ta da ko biyu. Gyaran wannan yana wuyan hukuma: ƙarin jirage, gadoji, masu sa ido a mashigai. Sai dai ko a cikin talauci akwai abin da ke hannunmu. Sawu biyu maimakon ɗaya man fetur ne da awa guda. Malamin da ya raba ɗalibansa kashi uku ya jira a gaɓa, abin da ya rasa bai wuce farkon taro ba.

Za a kuma ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara kamar kowa, amma malamanmu na addini sun sha faɗa mana cewa tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Wanda ya ɗora wa jaki buhu huɗu ya karye, ba ma cewa tsautsayi, muna cewa mai jakin ya yi ganganci. Kuma in ƙara da wani abu don kada a ɗauka lissafin nauyi shi kaɗai ya isa. A watan Oktoba 2021 a garin Haverfordwest na yankin Wales a Birtaniya, mutum 4 masu tuƙa irin allon da na bayyana suka mutu a wani kogi da ya cika bayan ruwan sama mai yawa, a wurin da ruwan yake zubowa daga madatsa. Suna da kayan zamani, amma ruwa mai gudu ya fi ƙarfinsu. Ƙoramar da ta taso bayan ruwan dare ba a shigarta da jarka, ba a shigarta da amalanke, ba a shigarta da mota. Jira ake yi.

Abin da nake roƙo

Ga 'yan'uwana malamai, darasi ɗaya nake roƙo, a yi shi a watan Yuni kafin a rufe makarantu. Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2021 ta keɓe 25 ga Yuli don yaƙi da nutsewa, amma a wannan rana yaranmu suna hutu, suna gona ko bakin tabki, don haka namu sai ya riga. Kayan aikin: babban baho, ƙwarya, kwalbar lita ɗaya, yashi, da sikelin da za a aro a wajen mai shago. Yara su auna lita nawa ƙwaryar take ci. A juye, a ɗora ta a kan ruwa, a riƙa sa ƙullin yashi na rabin kilo ɗaya bayan ɗaya, su da kansu su faɗi inda za ta nutse kafin ta nutse. Sai a sake, a tsaya a rabi, a ja layi da alli, a kaɗa ruwan da hannu su ga ta tsira. A cika ta kusa da baki a sake kaɗawa. A tara yashin gefe ɗaya. A jera shi ya yi tsini sama. A cikin awa ɗaya sun ga lita, sun ga kilo, sun ga amfanin rara, sun ga abin da ke faruwa idan fasinja ya miƙe tsaye. A makarantar horar da malamai an koya mana cewa yaro ya fi riƙe abin da hannunsa ya taɓa, to ga inda maganar za ta yi amfani.

A ƙarshen darasin a koya musu ceto daga tudu. Sau da yawa idan yaro ɗaya yana nutsewa, ɗan'uwansa ne yake faɗawa ya cece shi, a rasa su biyu. Su sani cewa ihu ake yi a kira manya, a miƙa doguwar sanda, ko a jefa jarka marar komai mai rufaffen murfi ɗaure da igiya. Ko ta lita 5 tana iya riƙe kan mutum a sama. Ban ce a kwashi yara a kai su tabki koyon iyo ba, domin ruwan kwance yana ɗauke da tsargiya, kuma malamin da bai iya ruwa ba bai kamata ya jagoranci wannan ba. Inda aka sami tsabtataccen wuri marar zurfi da wanda ya ƙware, koyon iyo alheri ne. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai.

Ga iyaye da kwamitocin kula da makarantu, boko da Islamiyya: kada a yarda da wata tafiyar ɗalibai da za ta ƙetare ruwa sai an amsa tambaya uku. Manya nawa jirgin yake ɗauka? Yara nawa za a sa a kowane sawu, kuma kilonsu nawa idan an haɗa? Wane babba ne zai tsaya a gaɓa ya ce ya isa? Idan akwai rigar kariya ta ruwa, a duba jikinta, an rubuta daga kilo kaza zuwa kilo kaza. Rigar babba a jikin ƙaramin yaro zamewa take yi ta kai, ta yaro kuma ba ta riƙe babba. A gida, a san inda kududdufin unguwa yake, a kuma daina aiken 'yar shekara bakwai wanki bakin tabki da goyon ƙaninta a baya.

Ga magadan gari da sarakunan ruwa a inda ake da mashigai: gwangwanin fenti ɗaya ya isa a ja layi a jikin jirage da yawa, a kuma rubuta adadin manya da na buhuna da manyan lambobi inda kowa zai gani. Amma a tuna da abin da ya faru a Ingila, kada a bar mai jirgi ya zaɓi inda layin zai zauna. Idan layin yana nan, matar da za ta kasuwa tana da abin da za ta nuna da yatsa, ba sai ta yi gardama da matuƙi ba, kuma ɗalibin da ya yi darasin ƙwarya zai san abin da yake kallo.

Mai sayen allon wasa a Hawai ana tambayarsa kilonsa saboda kada hutunsa ya ɓaci. Yaranmu da ke hawa jarka da tano da kwale-kwale sun fi shi cancantar a yi musu wannan tambaya, domin su ransu ne a kai. Damina tana tafe. Malamin da ya gwada darasin nan a ajinsa, ina so in ji yadda yaransa suka karɓe shi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana zuri'a.